Gyaran Tsohuwar Shokozoba: Wadda Ke Gyaruwa, Wadda Ba Ta Gyaruwa, da Yadda Za Ka Tsira da Kuɗinka



Duk wanda ya taɓa tuƙo mota daga kudu zuwa gida ya san Suleja, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. Wanda ya biyo ta Lakwaja, Koton Ƙarfe, Abaji da Gwagwalada, yana wuce Zuba sai Madalla, sai ga Dutsen Zuma a gabansa. Wanda kuma ya biyo ta Ilori, Jebba, Mokwa, Bida, Agaie da Lapai, zai faɗo Lambata ya fito Dikko. A nan hanyoyin biyu suke haɗuwa kafin a miƙi titin Kaduna, kuma a daidai nan ne mota take fara faɗin abin da hanya ta yi mata. Sana'ata gyaran ƙafar mota ce a garin nan, kuma tambayar da na fi sha daga bakin matafiya, musamman gabanin Sallah, ita ce: "Malam, shokozobar nan a gyara ta ne ko a canza?"

Amsar ba ɗaya ba ce. Akwai wadda take gyaruwa ta yi shekaru tana aiki, akwai wadda gyaranta ɗan lallaɓawa ne kafin a samu kuɗi, akwai kuma wadda taɓa ta ma haɗari ne. Abin da nake so ke nan in warware, don mutum ya shiga gareji ya san abin da zai biya wa kuɗi.

Me ya sa maganar gyara ta dawo

A da, in shokozoba ta mutu, yawancin masu mota cirewa suke yi su jefar. Amma tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan mota suka yi tashin gwauron zabi. Dalilin a fili yake. Sabuwar KYB ko Monroe ko Sachs ko Bilstein daga waje take zuwa. Tokumbo ma haka: jirgin ruwa ne yake sauke ta a Apapa ko Tin Can, ta shiga Ladipo a Mushin ko Mgbuka Obosi kusa da Anaca, kafin ta iso Zuba, Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Duk inda dala ta motsa, sai an ji a jikinta. Shi ya sa direban Golf da ke jigilar Suleja zuwa Minna, da ɗan kasuwar da ke da Sienna ɗaya tilo a Agege, duk suka koma neman mai gyara.

Neman sauƙi ba laifi ba ne. Abin da ake gudu shi ne araha wadda za a biya sau uku.

Aikin da take yi a jikin mota

Mutane da yawa sun ɗauka shokozoba ce take ɗauke da nauyin mota. A'a, wannan aikin sifirin ne. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke lanƙwashewa in taya ta faɗa rami. Matsalarsa ita ce in ya lanƙwashe ya miƙe ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta lilo. Shokozoba ita ke kashe wannan lilon.

A cikinta akwai mai, da fistin da ke maƙale a ƙarshen sandar ƙarfen nan mai ƙyalli. Jikin fistin ɗin akwai 'yan ƙananan ƙofofi da siraran faifan ƙarfe suka rufe. Duk sanda taya ta hau ko ta sauka, dole man ya matsu ya bi ta ƙofofin nan. Ka tuna yadda sirinji yake yi maka tauri in kana tura ruwa ta bakin allura, to haka abin yake. Ƙarfin girgizar sai ya koma zafi ya bi iska. Shi ya sa in ka yi tafiya a kan gargada ka tsaya ka kai hannu kusa da jikinta a hankali, mai aiki za ka ji ta da ɗumi, matacciya kuwa sanyi ƙalau.

Babban amfaninta shi ne riƙe taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Don haka maganar shokozoba ta wuce ta jin daɗin zama, ta shafi tsayawar mota a lokacin da tirela ta taka birki a gabanka ana ruwa.

Wadda ake kira koyiloba kuwa ita ce wadda sifirin ya naɗe shokozobar suka zama abu guda, a cire su tare a mayar tare. Irinta ce a bayan Golf 3, da bayan Corolla ta 2003 zuwa 2008, da gaba da bayan Honda Accord har zuwa ta 2012. Ta gaban Corolla, Camry da Sienna 'yar uwarta ce, sai dai ita har ƙafar tayar take riƙewa, tana juyawa tare da sitiyari. Ana kiranta da sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro ta, Earle MacPherson, kuma ta bazu ne daga Ford Consul ta 1950 a Ingila. Bayan Sienna kuwa sifirin daban, shokozoba daban.

Sai kuma koyiloba ta 'yan gayu, mai tiredi a jikinta irin na bolti da zobba biyu da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Kamfanoni irin su Tein na Japan, BC Racing na Taiwan, KW na Jamus da Öhlins na Suwidin ke yin ta. Wani lokaci takan zo a jikin tokumbon da mai ita na farko a Amurka ya sauke ta ƙasa don ado.

Ta ciki kuma iri biyu ce, kuma wannan bambancin shi ne ginshiƙin duk maganar gyara. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ita ce a yawancin motocinmu. Wata mai ne zalla a cikinta, wata kuma an ƙara mata iskar naitirojin kaɗan don kada man ya yi kumfa. Akwai kuma mai bututu ɗaya, wadda injiniyan Faransa de Carbon ya ƙirƙiro, Bilstein ya yaɗa ta a motocin Mercedes tun 1957. Ita wannan iskar cikinta tana iya haura PSI 300. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Ka ga kusan ninki goma ke nan, a cikin ɗan bututun da bai kai kaurin damtsenka ba.

Yadda za ka gane ta mutu

Ba duk ƙarar da ka ji a ƙasa ce ta shokozoba ba. Sau da yawa "kwas-kwas" ɗin nan linkej ne, ko bushin, ko boljoyin, ko robar sama da ake kira mauntin, waɗanda duk ba su kai ta tsada ba. Kafin ka yarda a ce maka ita ce, a ɗaga motar a girgiza kowane ɗaya a gabanka.

Alamomin da ke nuna ita ce da kanta su ne:

- Mai yana gangarowa a jikinta har ƙura ta manne ta zama taɓo. Ɗan danshi a sama kawai ba komai ba ne.
- In ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki, ta yi lilo sama da sau ɗaya ko biyu kafin ta tsaya.
- In ka taka birki gaban motar ya durƙusa, in ka sha kwana ta kwanta gefe guda.
- Taya tana cinyewa rami-rami, in ka shafa da tafin hannu ka ji tudu da kwari.
- A kan gargada bayan motar yana wutsil-wutsil kamar zai rabu da gaba.

Kamfanoni irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a canza ta in ta yi wajen kilomita 80,000. Wannan lissafin titin Turai ne. Motar da ke bin Lambata zuwa Bida da lodi kada ta sa rai da haka. Ku da ke kudu kuma kuna da naku abokin gaba: ruwa. Motar da ke ratsa ambaliyar Legas ko ta Fatakwal, ga iskar teku mai gishiri, sandarta kan yi tsatsa, tsatsar kuma ta yaga robar da ke tare mai. Mu a nan ƙurar hunturu ce ke yi mana wannan ɓarnar.

Kashi uku ne

Kashi na farko, wadda aka yi ta don a buɗe. Ka duba samanta inda sanda take fitowa. In ka ga babban noti mai tiredi, to wannan tana buɗuwa. Tsofaffin bakanikai da suka yi zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975, sun san wannan aikin sarai: a kwance notin, a canza roba, a zuba sabon mai, a ɗaure. Wasu tsofaffin Golf da Toyota ma haka suke, har ana sayar da cikin daban a zura shi a tsohon bututun. In taka irin wannan ce, ka yi sa'a, gyaranta gyara ne na gaske.

Kashi na biyu, koyiloba mai tiredi ta kamfanonin da na ambata. Yawancinsu suna buɗuwa, amma sai da kayan aiki da kwalbar naitirojin.

Kashi na uku, wadda kamfani ya naɗe bakinta ko ya yi mata walda. Ita ce a kusan duk Corolla, Camry, Accord da Sienna da ke kan titi yau. Kamfanin bai yi ta don a buɗe ba, kuma a kanta ne ake yawan cutar mutane.

Maganar ɗura mai

Ga abin da ake yi a wurare da yawa, arewa da kudu: a huda jikinta da dirila, a ɗura mai ta hudar, a toshe da sukuru ko a ɗiga walda, a fesa baƙin fenti. Ka ɗora ta, kwana biyu ka ji mota ta yi tsit, ka ce an yi aiki.

To amma ka tambayi kanka, ta ina man farko ya fita? Ta robar sama ya fita, wato sil. Robar tana nan yadda take, ba a taɓa ta ba. Ka zuba ruwa ne a rariya. Bayan haka, garin ƙarfen da dirila ta kankaro yana faɗawa ciki ya shiga ƙofofin fistin. Man da ake ɗurawa kuma sau da yawa baƙin mai ne na inji, wanda da sanyin safiya yake kauri mota ta yi tauri kamar amalanke, in ya yi zafi ya tsinke ya yi kumfa. Iskar naitirojin ɗin ma ta gudu tun sanda aka huda.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon kowa kada ya bari a yi a kan motarsa, ko a kusa da shi. Kada a huda ko a yanka mai bututu ɗaya da iskarta a ciki, don man da fistin suna iya fitowa kamar harsashi. Kada a kai wutar walda jikin shokozobar da ke rufe da mai a ciki. Sannan kada a kuskura a cika ta da iskar oksijin ta kwalbar masu walda. Oksijin da mai in suka haɗu a matse, wuta suke kamawa su fashe.

Akwai masu aikin da ya fi wannan tsafta. Su sukan buɗe naɗin bakin a hankali, su fitar da komai, su wanke, su canza sil, su kai wa masu tonin su yi mata murfi mai tiredi. In mai bututu biyu ce, sandarta lafiya lau, kuma mai aikin ya san hannunsa, wannan yana iya riƙe ka na wani lokaci. Ni dai ina ɗaukarsa a matsayin lallaɓawa, kuma na fi yarda da shi a baya. A gaba, inda ita ce ke riƙe da ƙafar taya da sitiyari, ba na son bututun da aka yanka aka sake haɗawa.

Yadda gyara na gaske yake tafiya

Ko ba kai za ka yi da hannunka ba, ka san matakan don ka gane mai aiki da mai dabara.

Da farko a wanke ta tas kafin a kwance komai. In mai tiredi ce, a auna tsayin da zobban suke a rubuta, a ƙirga inda maɓallin taurinta yake, a goge tiredin da burushin waya a sa masa man kwance tsatsa. Zoben da ya ci tsatsa ba a dukansa da guduma da kurfi, haƙuri yake so.

Na biyu, a matse sifirin da abin matse shi na ƙarfe, biyu, ɗaya kowane gefe, kafin a taɓa notin sama. Sifirin da ke matse yana riƙe da nauyin kusurwar mota guda. Masu ɗaure shi da igiya ko waya, ko su sa yaro ya taka su kwance noti, da ransu suke wasa. In ka ga za a yi haka, ka ɗauki kayanka ka bar wurin.

Na uku, a duba sanda. Ita ce alƙali. A ja farce a jikinta daga sama har ƙasa. In farce ya maƙale a wani rami ko ƙyallin ya ɓare, magana ta ƙare, don duk sabon sil ɗin da aka sa za ta yaga shi. A mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai santsi, in ta lanƙwashe za a gani. Sandar da ta lanƙwashe ba a miƙe ta a mayar.

Na huɗu, in mai iska ce a saki iskar gaba ɗaya tukuna. Sannan a buɗe, a juye tsohon man a cikin abin awo don a san yawansa. A duba cikin bututun da fitila, in ya karce to ya tashi aiki. Siraran faifan fistin a jera su a kan waya yadda suka fito ɗaya bayan ɗaya, domin in aka juya jerinsu an canza halin shokozobar ke nan.

Na biyar, a canza sil, da zoben roba, da bushin ɗin da sanda take bi ta cikinsa. A auna kaurin sandar da abin awo a sayo daidai da ita, kada a yi "wannan ma zai shiga".

Na shida, mai. Man shokozoba ake so, in ba a samu ba a nemi man da ake zuba wa ƙafar gaban babur, marar kauri. Hagu da dama su sha iri ɗaya, awo ɗaya. A riƙa tura sandar sama da ƙasa a hankali har kumfa ya daina fitowa.

Na bakwai, mai bututu ɗaya a mayar da fistin ɗin da ke raba mai da iska daidai zurfin da aka same shi, a cika ta da naitirojin gwargwadon abin da kamfaninta ya faɗa. Iskar mai faci tana da danshi, ba ta dace ba. Wanda ba shi da kwalbar naitirojin da agogonta, kada ya buɗe irin wannan tun farko.

Ga wanda ya sayi tokumbo ya tarar da koyiloba mai tiredi ta mutu a jiki, shawarata a mafi yawan lokaci ita ce ya koma irin wadda kamfanin motar ya sa tun asali. Ta fi sauƙin samu a Zuba ko Ladipo, kuma za ta ɗaga masa motar daga ƙasa. Motar da aka sauke don titin Amurka, tudun rage gudu na cikin gari kaɗai ya ishe ta.

In tokumbo za ka saya

Sau da yawa tokumbo mai kyau ta fi gyararriya. Sai dai a cikin tarin da ake cewa tokumbo akwai waɗanda nan gida aka ɗura musu mai aka fesa fenti. Ga yadda nake tantancewa.

Na fi son wadda ta zo da dattinta. Mai sheƙin sabon fenti, musamman in fentin ya hau kan roba ko tiredi, ina ajiye ta gefe. Ina shafa jikinta ko zan ji tabon walda ko kan sukuru. Ina duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, don takardar da aka manna kowa ma yana iya bugawa. Wannan ya shafi sababbi ma, domin jabu a kwali mai sunan babban kamfani sun cika kasuwa.

Sai in tsayar da ita a miƙe, in tura in ja sau huɗu ko biyar. Taurin ya kasance ɗaya daga farko har ƙarshe, babu inda za ta zarce fayau, babu ƙarar kumfa. Ja ya fi turawa tauri, haka aka yi ta. In mai iska ce, sandar za ta dawo da kanta. In haɗa biyun in danna su tare in saki, su dawo kusan lokaci guda. In girgiza sandar gefe da gefe, kada ta yi wasa. Sifirin da farantin da yake zama a kai kuma a duba tsatsa, don motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin su.

Ka sani fa, gwajin hannu matacciya kawai yake tonawa, ba ya tabbatar da mai kyau, don hannu ba zai iya motsa ta da saurin da rami yake yi ba. Saboda haka ku yi yarjejeniya da mai kaya a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita, a rubuta a jikin rasit.

Inda za ka rage kuɗi da inda ba a ragewa

In sifirinka bai karye ba, motar kuma ba ta zauna gefe guda ba, ba sai ka sayi haɗaɗɗiya ba. Sayi shokozobar kaɗai a mayar da sifirinka. In kuɗin bai kai na huɗu ba, a fara da inda ya fi lalacewa, in duka sun gaji a fara da gaba. In kana kudu kusa da Ladipo, Agodi Gate ta Badun ko Mgbuka, ka fi mu kusa da tushen kaya, ka je da bakanikenka da tsohuwar a hannu a gwada tsayi da mazaunin bolti.

Amma kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Hagu da dama tare suke tafiya, in ɗaya ta fi ɗaya tauri motar za ta riƙa karkata a birki da kwana. Kada ka bar robar da ke rufe sanda daga ƙura a yage, ita ce mafi araha a duk kayan, kuma ita ke tsare mafi tsada. Haka guntuwar robar da ke hana ta dukan ƙarshe. Mauntin da boris ɗinsa a duba su tun tana ƙasa, don kada a biya kuɗin kwancewa sau biyu.

Wajen ɗaurawa ma ka sa ido. Kada a kama sanda da filaya, tabo ɗaya ya isa ya kashe sil. Mai bututu biyu a tsayar da ita a tura ta sau uku zuwa biyar kafin a ɗaura. Boltin da ya bi ta cikin bushin na roba sai an sauke motar ta tsaya da ƙafarta ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. In an taɓa ta gaba, a yi alaimen. Wanda ya ƙi biyan kuɗin alaimen zai biya kuɗin taya.

Lissafin da nake ba kowa shi ne: kada ka dubi kuɗin yau kaɗai, ka raba shi da watannin da abin zai yi. A ɗauka gyara kashi ɗaya ne cikin huɗu na kuɗin sabuwa, amma duk wata uku sai ka koma. Kafin shekara ta zagayo ka biya kuɗin sabuwar cif, ga kuɗin aiki sau huɗu, ga ranakun da mota ta kwana a gareji, ga tayar da ta cinye. A wurina, in kuɗin gyara ya kai rabin na sabuwa mai kyau, gara a ƙara haƙuri a tara a saya.

Lodi

Wannan sai mun gaya wa kanmu gaskiya. Motar da aka yi wa mutum biyar, mu sa mata bakwai, but ya ƙi rufuwa sai da igiya, a dawowa kuma ga buhun wake da na albasa. In sifirin ya kwanta saboda nauyi, shokozoba ba ta da sauran wurin motsi, kowane rami sai ta daki ƙarshenta. Komai tsadarta ba za ta daɗe ba. Cusa guntun taya a tsakanin zobban sifirin kuma yana ɗaga mota a ido, amma yana hana wani sashe nasa aiki, sauran ya ɗauki wahalar har ya karye. Mai ɗaukar kaya kullum ya nemi sifirin da aka yi don nauyi, wanda ya dace da motarsa, sannan ya tsaya iya abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba. In kayan sun yi yawa a ba motar haya ta kai, ya fi arha a kan ƙafar mota.

Kafin ka kama hanya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk aikin da za a yi wa ƙafar mota a yi shi mako biyu kafin tafiya, ka yi yawo da ita cikin gari, sannan ka koma a sake duba ɗaurin bolti a leƙa ko mai yana tsatsafowa. Gyararriyar da za ta ba da kunya yawanci a 'yan kwanakin farko take nunawa, gara ta nuna a Agege da ta nuna tsakanin Mokwa da Bida da dare, da iyali a mota.

In kuma ta mutu maka a hanya, mota za ta iya tafiya, amma ka rage gudu sosai, ka ba na gabanka tazara mai yawa, ka lallaɓa zuwa gari. Sai dai in sanda ce ta karye, ko sifirin ya fita daga mazauninsa yana gogar taya, to a nan a tsaya. Wanda ya iso yankinmu, kasuwar kayan mota ta Zuba tana nan dab da Suleja, gara ka yi asarar rabin yini a canza biyu a yi alaimen, da ka shiga titin Kaduna da motar da tayarta ba ta zama a ƙasa.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema, Ya kai kowa gida lafiya ya tarar da iyali lafiya.